CIWON HAƘORI DA KUƊIN MAGANI: INA MAFITA GA MUSULMI IDAN INSHORA TA GAZA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam a mafi kyawun tsari, Ya sanya masa haƙora don ya tauna abincinsa, ya kuma daidaita furucinsa wajen karatun Littafinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Na san akwai wanda zai ce a ransa: duk matsalolin da suka dabaibaye al'umma, a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai haƙori? To, ga dalili. Duk wanda ke halartar salloli biyar a masallatanmu ya san irin takardun da ake miƙo wa liman bayan sallama, na neman taimakon kuɗin asibiti. A cikinsu akan sami na mutumin da fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe, ko na magidancin da aka rubuta wa matarsa aikin haƙori alhali abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin cefanen gobe ba. Wani ma yana da katin inshora, ana zare masa kuɗi daga albashi duk wata, amma da ya je aka ce wannan aikin ba ya cikin abin da katin ya ɗauka. Irin wannan mutum, idan ba mu zauna mun duba lamarinsa ba, ko dai ya faɗa hannun mai riba, ko ya faɗa hannun mai cire tsutsa a kasuwa.

Shari'ar Musulunci kuwa ba ta ɗauki haƙori ƙaramin abu ba. Allah (S.W.T.) Ya ambace shi da sunansa a ayar ƙisasi, aya ta 45 cikin Suratul Ma'ida. A takardar da Manzon Allah (S.A.W.) ya aika wa mutanen Yaman ta hannun Amru bin Hazm (R.A.), an yanke diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar. Ku lissafa da kanku: baligi yana da haƙora 32, idan aka ninka da biyar an sami raƙuma 160, alhali diyyar rai ɗungurungum raƙuma 100 ce. Abin da Shari'a ta yi wa wannan ƙima, ta yaya za mu bar shi ya ruɓe a bakinmu muna cewa ai haƙori ne kawai?

Mu fara fahimtar yadda ciwon yake zuwa, domin a nan ne asirin tsadarsa yake. Mutane suna cewa ciwon haƙori ya zo musu kwatsam. Zafin ne yake zuwa kwatsam, amma ciwon ya daɗe yana aiki. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin ragowar sukari da abinci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali. A wannan mataki babu zafi ko kaɗan. Idan kogon ya zurfafa, sai mutum ya fara jin tsirawa in ya sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi. Har a nan aikin mai sauƙi ne, likita zai share kogon ya cike shi a zama ɗaya. Idan aka ƙyale, ɓarnar ta isa ga jijiya, wannan shi ne zafin da ke hana barci, wanda ke sa dattijo ya riƙa zagaya tsakar gida da tsakar dare. Daga nan zaɓi biyu ya rage: a cire haƙorin, ko a kashe jijiyar a wanke ramin saiwa a toshe, sannan sau da yawa a yi masa murfi don kada ya tsage. Wannan aiki na biyu, a asibitocin kuɗi na manyan biranenmu, yakan haura mafi ƙarancin albashi na wata guda, wato Naira 70,000 da aka amince da ita a shekarar 2024. Kowane mataki da aka tsallake, kuɗin ninkawa yake yi.

Akwai kuma matakin ƙarshe, wanda nake roƙon kowa ya riƙe shi ko da ya manta sauran laccar. Wani lokaci zafin yakan ɗauke da kansa, mutum ya yi hamdala ya ce ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma tana taruwa a ƙarƙashin saiwa. Idan ka ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa sosai, haɗiyar yawu ta gagara, ga zazzaɓi, ko numfashi ya fara nauyi, to wannan ba maganar jiran albashi ba ce kuma. Kumburin yana iya toshe hanyar numfashi ya kashe mutum cikin 'yan kwanaki. A ɗauke shi zuwa babban asibiti a daren, maganar kuɗi a yi ta a can.

Ina jan hankalinmu game da masu da'awar fitar da tsutsa daga haƙori. Babu wata tsutsa da ke zaune a haƙori. Abin da suke nuna maka a faranti da shi suka zo, kuma karɓar kuɗi a kan wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Haka nan masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, ko su danna ƙwayar asfirin a kan dasashi har ta ƙone naman wurin. Kanumfari yana lafar da zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya cike kogo. Kafso na kemis da ake sha yau a bari gobe yana iya kwantar da kumburi na mako ɗaya ko biyu, sannan ya dawo da ƙarfinsa, ga kuɗi sun tafi. Wasu matasa kuma ta ƙofar ciwon haƙori suka fara shan Tramadol, har abin ya zame musu bala'i.

Tsadar aikin tana da dalilanta, kada mu ɗora wa likitoci duka laifin. Kusan duk kayan aikin, daga allurar kashe zafi zuwa abin ciko da kujerar kanta, daga ƙasashen waje ake shigo da su da dala. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekarar, komai ya tashi. Kujerar likitan haƙori ba ta aiki sai da wuta, wuta kuwa sai janareta. Likitocin haƙori a ƙasar nan 'yan dubbai ne ga mutane sama da miliyan 200, akasarinsu a manyan birane, wasunsu kuma suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya.

Yanzu mu zo ga inshora. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a shekarar 1999, ya fara aiki a 2005 da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. A shekarar 2022 aka sake dokar, hukumar ta koma NHIA, aka kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar hukumar KSCHMA ta Kano wadda aka yi dokarta a 2016. A rubuce ke nan. A aikace, waɗanda ke cikin wani tsarin inshorar lafiya ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin goma ba, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta cika wannan alkawari ba a kasafin tarayya, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa masu mulki, cikin ladabi da hujja, cewa Allah Zai tambaye su.

Wanda ma yake cikin tsarin, ya sani cewa katin yana da iyaka. A shirin ma'aikata na tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar sai ya ƙara kuɗi a kan sauran, ko su zauna a waje. A ɓangaren haƙori, duba marar lafiya da cire haƙori da ciko irin na yau da kullum akan same su a ciki. Murfin haƙori, da gadar da ake ɗaurawa a cike giɓi, da dasa haƙori a ƙashi, da faranta haƙora, waɗannan an fitar da su. A kan magunguna kuma marar lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100. Sannan yawancin asibitocin da aka yi wa mutane rajista ba su da likitan haƙori, sai an tura ka wani wuri, turawar kuma tana buƙatar lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye, sau da yawa daga aljihunsa zai biya. Don haka tun kana da lafiya ka je ka nemi takardar da ta lissafa abin da tsarinka ya ƙunsa, ka karanta, ko ka ba ɗanka ya karanta maka. Idan kuma aka hana ka abin da ke rubuce a ciki, ka kai ƙara ofishin hukumar. Neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne.

Tambayar da na san tana zukatan da yawa ita ce: shin inshorar ma ta halatta? Mas'alar ba ta yau ba ce. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya tattauna inshorar kayan jiragen ruwa da 'yan kasuwar Turai suka zo da ita, bai kuma halatta ta ba. A zamaninmu, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985, sun rarrabe tsakanin iri biyu. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar maka da alkawari don ya ci riba, sun haramta ta saboda garari, wato ciniki a kan abin da ba a san zai auku ko ba zai auku ba, da kamanceceniya da caca, da juya kuɗin a harkar riba. Inshorar taimakon juna kuwa, wadda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar kyauta don a agaza wa wanda musiba ta sama a cikinsu, sun halatta ta. Adalci ne mu faɗi cewa Shaihu Mustafa Zarƙa, babban malamin fiƙihu na Sham, ya saɓa musu, yana ganin halaccin inshora gaba ɗaya in an tsarkake ta daga riba. Mu dai muna tare da mafi rinjayen malamai. A kan wannan fahimta aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, a Nijeriya kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013.

Tsarin gwamnati na karo-karo, wanda ba a kafa shi don riba ba, malamai da yawa suna ganin ya fi kusa da nau'i na biyu, wanda kuma aka zare masa daga albashi bisa tilas babu laifi a kansa ya amfana. Abin da yake laifi shi ne ha'inci: ka ɗauki ɗan maƙwabci ka kai shi da katin ɗanka, ko ka haɗa baki da ma'aikaci a rubuta aikin da ba a yi ba. Dukiyar ta jama'a ce, mai ha'inci a cikinta ya ci haƙƙin dubban mutanen da bai san su ba balle ya nemi yafiyarsu.

To, an rubuta maka kuɗin da ba ka da shi, inshora ta ce ba ruwanta. Yaya za ka yi?

Kafin komai ka zauna da likita ka faɗa masa halinka ba tare da kunya ba. Mu Hausawa muna da wata kara da ke cutar da mu: a faɗa mana kuɗi mu ce "to, sai na dawo", mu fita ba mu sake komawa ba. Ka tambaye shi, a cikin ayyukan nan wanne ne ba zai jira ba, wanne ne zai iya jiran wata biyu? Akwai hanya mai rahusa? Sau da yawa ana iya buɗe haƙori a fitar da mugunya a yi cikon wucin gadi, zafi ya tsaya, sauran aikin a biya shi kashi-kashi. Ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin tun farko. Ka kuma gwada asibitocin gwamnati da na koyarwa, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri, inda ake horar da likitocin haƙori. Akwai layi, akwai jira, amma farashin ya fi na asibitin kuɗi sauƙi. Haƙorinka na asali ya fi duk wanda za a saka maka, in da hali a cece shi. In babu hali, cire turmi ɗaya a wurin ƙwararre ya fi ka ci bashin da zai hana iyalinka abinci. Kada kuma azumi ya zama hujjar jinkiri: Majalisar Fiƙihun nan ta yanke a 1997 cewa cire haƙori ko share kogonsa ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗiye wani abu ba.

A nan dole in taɓo haƙorin Makka. Mutum ya je aikin Hajji, maimakon ya dawo da taƙawa ya dawo da zinariya a baki don a san ya je. A kankare lafiyayyen haƙori a lulluɓe shi, sau da yawa a hannun wanda ba likita ba, bayan 'yan shekaru ya ruɓe daga ciki. Zinariya haramun ce ga maza. Rangwamen da aka samu shi ne na lalura, daga ƙissar Arfaja bin As'ad (R.A.) wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin Jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Ina lalura a haƙorin Makka? Haka masu zuwa a goge musu haƙora don a ƙirƙiri wushirya, ga hadisin Ibnu Mas'ud (R.A.) a Buhari da Muslim da ya zo da la'ana a kan haka. Kuɗin haƙorin ado ɗaya zai cire wa talakawa da dama haƙoran da ke hana su barci.

Idan lamari ya kai ga bashi, a nemi rance mai kyau wurin ɗan'uwa ko abokin sana'a, a rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Mai bin bashi kuma ya tuna aya ta 280, ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ku nisanci manhajojin bashi na wayar salula. Riba ce tsagwaronta, ga cin mutunci, domin an sha ganin wasunsu suna aika saƙo ga duk lambobin da ke wayar mutum suna kiransa ɓarawo. Wanda magani ya fi ƙarfinsa miskini ne a wannan hali, wanda ya ci bashi don magani ya kasa biya yana cikin mabarta da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, dukkansu zakka ta halatta gare su. Attajiranmu su daina raba zakka Naira ɗari biyar-biyar a ƙofar gida, wadda ba ta fitar da kowa daga komai.

Ga magidanta kuma ina da magana. Akwai wanda za ka ji yana cewa littattafan fiƙihu ba su wajabta wa miji kuɗin maganin matarsa ba. Gaskiya ne wannan shi ne mashahurin zance a mazhabobi. Amma a cikin Malikiyya kanta an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa ladan likita da magani suna kan miji, kuma malamai na wannan zamani, irin su Shaihu Wahbatuz Zuhaili, sun rinjayar da haka, domin magani a yau ya zama buƙata kamar ci da sha. Matar da ta ɗauki cikinka, dasashinta yana kumbura yana jini, ka ce ta je gidan ubanta a yi mata magani? Wannan ba ya cikin zama da alheri da Alƙur'ani ya yi umurni da shi.

Yara ma a riƙa buɗe bakinsu ana dubawa. Akwai cutar da ake kira noma, mutanenmu suna ce mata ciwon iska, wadda ke farawa da gyambo a dasashin yaro mai fama da yunwa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Ba aikin aljanu ba ne, kuma in an kama ta da wuri magani yana tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, ana yin aiki kyauta, a watan Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Mafi arhar magani duka yana cikin Sunnar da muke da'awar raya ta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kawai ya hana Annabi (S.A.W.) wajabta asuwaki a kowace salla. A jinyarsa ta ajali ma, ya ga asuwaki a hannun Abdurrahman ɗan Abubakar, Nana A'isha (R.A.) ta karɓa ta tausasa masa ya goge bakinsa. Mu haɗa asuwaki da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid safe da dare, mu rage sukarin shayi da lemon kwalba da alawar da muke cika wa yara hannu da ita. Mai ciwon sukari ya ƙara kula, domin ciwon dasashi ya fi kama shi.

Abin da nake son mu tashi da shi a aikace ya samo asali daga hadisin Abu Musa (R.A.) a Buhari da Muslim, inda Annabi (S.A.W.) ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa, har ya danganta kansa da su, saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Kowane reshe ya buɗe asusun lafiya, daban da na ginin masallaci. Kowane magidanci ya riƙa zuba abin da aka amince a wata, da niyyar sadaka, ba adashi ba ne da zai jira kwasarsa. A naɗa mutum uku amintattu, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun biyu daga cikinsu. A biya asibiti kai tsaye a karɓo rasit. Mai albashi a ba shi rance ba ƙari, marar hali a ba shi kyauta. A sa iyakar abin da za a fitar wa mutum ɗaya don kada ciwo guda ya kwashe asusun, a cire ayyukan ado gaba ɗaya, a kuma ɓoye sunayen waɗanda aka taimaka wa, lissafin kuɗi kaɗai za a riƙa karantawa a gaban jama'a. Reshen da ya ga ya fi masa sauƙi ya yi wa marayu da zawarawansa rajista a tsarin karo-karo na jiharsu da kuɗin asusun, wannan ma hanya ce, in dai an karanta sharuɗɗan tukuna. 'Yan'uwanmu ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zama, muna roƙonku ku ba sakatarorin rassa sunayenku kafin ku fita, don a san wanda za a buga wa waya idan fuskar wani ta kumbura da tsakar dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya biya wa mabartanmu bashi.